Kafin a Sa Wuƙa: Me Fibroskopi Ke Nema a Huhun Mai Kansa?

Kawuna ya yi shekara 30 da ɗoriya yana jan tirela tsakanin Garwa da Ngawundere a arewacin Kamaru, yawanci auduga yake ɗauka, kuma kwalin taba bai bar aljihun gabansa ba sai da ya sauke farali. Ba tari ne ya kai shi asibiti ba. Aikin gwaiwa za a yi masa, aka ce ya fara yin hoton ƙirji kafin a ba shi maganin barci, sai hoton ya fito da wata inuwa a saman huhun dama. Aka tura shi sikana, wato na'urar hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Sikana ta nuna ƙari mai faɗin santimita 2.5, bai kai goro ba, yana can gefe kusa da haƙarƙari. Likita ya ce da alama kansa ce, wato ciwon daji, kuma an kama abin da wuri, fiɗa za ta iya raba shi da shi, amma sai an gangara Yawunde an yi masa fibroskopi, wato leƙen hanyoyin iska da bututu mai kyamara, tukuna.

Da muka fito ya tsaya a inuwar darbejiya yana jujjuya takardar. Ya ce, "Kai ɗan nan, kai da ka yi boko, gaya mini. Sun ga abin da idonsu, sun auna shi har da rabinsa. To wane leƙe kuma ya rage? Su yanke mana, su huta in huta." Na ce, "Wallahi Kawu ban sani ba, amma zan tambaya."

Na tambaya kuwa, kuma abin da na fara ganowa shi ne tambayar Kawu ba ta rashin sani ba ce. Likitocin ƙirji da kansu sun daɗe suna ja-in-ja a kanta.

Duk wanda ya taɓa gyaran kayan cikin rago ranar layya ya san siffar abin da ake magana a kai. Maƙogwaro mai zobban guringuntsi yana sauka, ya rabu biyu, kowane reshe ya shige huhu ɗaya, can ciki ya yi ta rarrabuwa kamar rassan tsamiya har ya koma siraran da ido ba ya gani. A jikin mutum huhun dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2, kowane kashi da reshensa na iska da jijiyoyinsa na jini. Wannan rabon shi ne jarin likitan fiɗa: yana iya ɗauke kashi ɗaya ya bar sauran suna aiki. Tun 1995, bayan wani babban gwaji da aka yi a Amurka, cire kashi ɗaya cur ya zama aikin da aka saba yi wa mai kansar huhu ta matakin farko. Gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2022 daga Japan da 2023 daga Amurka sun nuna cewa idan ƙarin bai wuce santimita 2 ba kuma yana gefe, ana iya cire ƙasa da haka ma, muddin an tabbatar cutar ba ta shiga kaluluwa ba. A riƙe wannan sharaɗin na kaluluwa, za mu dawo kansa.

Fibroskopi, kamar yadda muke kiransa a nan da bakin Faransanci, wani siririn bututu ne mai lanƙwasuwa, kaurinsa milimita 5 zuwa 6, da fitila da kyamara a bakinsa da wata 'yar kafa a ciki da ake zura ƙaramin hantsaki ko buroshi ko allura. Ana shigar da shi ta hanci ko ta baki, ya wuce igiyoyin murya, ya bi maƙogwaro ya shiga rassa. Dabarar ta tsufa. A 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe ya ciro guntun ƙashi daga hanyar iskar wani mutum a garin Firaibog. Mai lanƙwasuwar nan kuwa likitan Japan Shigeto Ikeda ne ya fito da shi a 1966. Ko Sarkin Ingila Joji na Shida, a watan Satumban 1951, sai da aka leƙa hanyar iskarsa aka ɗebo tsoka aka duba, sannan aka cire masa huhun hagu gaba ɗaya.

Inda aka fi samun rashin fahimta shi ne a ɗauka cewa aikin fibroskopi kawai ya ga kansar. Wani lokaci ma ba ya ganinta sam. Bututun yana iya bin rassa huɗu ko biyar a jere, daga nan hanya ta yi masa ƙunci. Idan ƙarin yana tsakiya, a cikin manyan rassa, likita zai gan shi ƙuru-ƙuru ya gutsuro, kuma alƙaluman da ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta tattara a 2013 sun nuna ana samun amsa a kusan kashi 88 cikin 100. Idan yana gefe, labari ya sauya: kusan 63 cikin 100 ga wanda ya haura santimita 2, kusan 34 cikin 100 kacal ga wanda bai kai ba. Wato a ƙananan ƙari na gefe, cikin mutum uku masu kansar gaske, biyu za su tashi daga gadon gwaji ba a kama ta ba. Allurar da ake sokawa ta tsakanin haƙarƙari ana kallon sikana ta fi shi iya wannan aikin, tana kaiwa wajen 90 cikin 100, sai dai ita kuma tana huda huhu, kuma wajen mutum 15 cikin 100 iska kan zubo musu a kogon ƙirji, wasunsu har sai an sa musu tiyo.

To in haka ne, me ya sa likitan fiɗa ke son a leƙa?

Saboda shi tambayarsa daban ce. Yana so ya san inda zai datsa. Idan ya cire kashi ɗaya, dole ya yanke reshen iskar da ke ciyar da kashin, ya ɗinke bakin, kuma dole wurin ɗinkin ya zama tsoka mai lafiya. Kansa takan yi rarrafe a fatar cikin reshe, shimfiɗe kamar gansakuka, ta yadda sikana ba ta nuna ta sosai. In ta rarrafo har bakin reshe, aikin kashi ɗaya ya tashi. Sai dai ko a cire huhu guda ɗungurum, ko a yi aikin da ake yanke zoben babban reshe a jefar, a haɗa bakin biyu a ɗinke kamar yadda tela ke rage tsawon hannun riga, domin a tsira da sauran huhun. In kuwa ta taɓa mararrabar da maƙogwaro ya rabu biyu, ba a ma kiranta ta matakin farko. Bambancin nan ba ƙarami ba ne ga dattijo irin Kawu da taba ta riga ta ci rabin numfashinsa. Mutum na iya ɗaukar rashin kashi ɗaya ya koma tafiya masallaci da ƙafarsa, amma a cire masa huhu guda ya ƙare rayuwarsa yana haki daga ɗaki zuwa zaure, kuma haɗarin mutuwa a wannan aikin ya fi yawa. Gara a san wannan ana zaune a ofis, a auna ƙarfin numfashinsa a kai, a yi shawara da iyali, da a gano shi ƙirji na buɗe.

Akwai ƙananan abubuwa kuma da ake tsinta a hanya. Kafin bututun ya wuce, likita kan ce wa majiyyaci ya ce "iii", ya ga ko igiyoyin murya biyu suna motsi. In ta hagu ta tsaya cak, alama ce cewa wani abu ya danne jijiyar da ke zagayowa ta cikin ƙirji, kuma sau da yawa hakan na nufin cutar ta yi nisa fiye da yadda hoto ya nuna. Hayaƙin taba kuma bai zaɓi wuri ɗaya ya ƙona ba, duk hanyar ya bi, don haka jefi-jefi akan tarar da tsiro na biyu a wani reshen daban. Wasu mutanen ma tun haihuwa rassansu ba su fito a inda aka saba ba, kuma likitan fiɗa ba ya son ya gamu da wannan bagatatan.

Amma babbar magana ita ce kaluluwa. Mun san ta a hantsa ko a hammata, lokacin da miki ya sa ta kumbura. Irinta na nan jere a tsakiyar ƙirji, gefen maƙogwaro da ƙarƙashin mararraba, kuma nan ne zangon farko na kansar huhu in ta tashi tafiya. Wanda ƙarinsa bai wuce santimita 3 ba kuma kaluluwarsa na da tsabta, yana matakin da fiye da kashi 70 cikin 100 ke kaiwa shekara 5 a raye. Da zarar ta sauka a kaluluwar tsakiyar ƙirji, yawanci an shiga mataki na uku, kuma a nan fara da wuƙa sau da yawa kuskure ne; akan fara da maganin kansa na ƙarin ruwa, ko a haɗa shi da gashin ƙarin da hasken na'ura, sannan a duba ko fiɗa na da amfani. Sikana girma kawai take aunawa: ta ce wadda ta wuce santimita 1 abin zargi ce. Ba ta san abin da ke ciki ba. Da can sai an yi ƙaramar fiɗa a gindin wuya a zura ƙarfe a bayan ƙashin ƙirji a ɗebo, dabarar da likitan Suwidin Eric Carlens ya bayyana a 1959. Yanzu akwai fibroskopi mai na'urar sauti a baki, irin wadda ake duba cikin mai juna biyu da ita, ana kiransa EBUS. Yana hango kaluluwar ta bayan bangon maƙogwaro, likita ya soka allura yana kallo. A wani gwaji da aka yi a Turai aka wallafa a 2010, fara bincike da irin wannan hanyar ya rage buɗe ƙirjin da bai amfana komai ba daga kashi 18 cikin 100 zuwa 7. Inda babu EBUS, gwanin likita na iya soka allurar da fibroskopi na yau da kullum bisa abin da sikana ta nuna masa, musamman in kaluluwar babba ce kuma tana ƙarƙashin mararraba.

Yanzu ga hujjar masu cewa a bar leƙen, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin fiɗar ƙirji ta Turai ta fitar a 2014 ta ce idan ƙari yana gefe, bai wuce santimita 3 ba, kuma sikana da hoton PET duka biyu ba su nuna komai a kaluluwa ba, ana iya wucewa fiɗa ba tare da an soki kaluluwar ba. In yana tsakiya, ko ya haura santimita 3, ko akwai kaluluwar da ake zargi, sai an ɗebo. Masu wannan ra'ayi sun ƙara da cewa a irin waɗannan ƙananan ƙari na gefe, ƙalilan ne leƙen ke sauya musu tsarin aiki, kuma ko ba komai likitan fiɗa zai iya zura bututun a ɗakin tiyata bayan majiyyaci ya yi barci, minti kaɗan kafin ya fara. Me ya sa za a wahalar da mutum sau biyu?

A Paris ko Tokiyo ban ga abin da zan ce da wannan ba. A Garwa da Marwa da Kusiri kuwa ina ganin ƙa'idar tana tsaye ne da ƙafa biyu, mu kuma ɗaya muke da ita. PET hoto ne da ake yi bayan an yi wa mutum allurar sukari mai ɗan haske, duk inda ƙwayoyin jiki ke cin sukari da haɗama sai wurin ya haskaka. Ba abu ne da majiyyacinmu zai tashi da safe ya hau mashin ya je ya yi ba. Wanda bai yi PET ba bai cika sharaɗin da ya halatta tsallake binciken ba, ko da ƙarinsa ƙarami ne.

Ko da an samu PET ɗin ma, akwai tarin fuka. Wannan shi ne abin da ya raba lissafinmu da na Turawa. Tarin fuka yana son saman huhu, daidai inda inuwar Kawu take. Yana iya dunƙulewa ya zama ƙwallo guda mai kama da kansa a hoto. Yana kumbura kaluluwar ƙirji. Yana cin sukari ya haskaka a PET kamar yadda kansa ke yi. Saboda haka a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa, hoto kan yi ƙarya ta fuska biyu: ya sa a yanke wa mutum kashin huhu a kan cutar da ƙwayoyin wata 6 za su warkar, ko ya sa a ce wa mai ƙaramar kansa ta bazu, a hana shi fiɗar da za ta cece shi, alhali tsohon tarin fuka ne ya bar masa kumburarriyar kaluluwa. A nan fibroskopi na da wani amfani da littattafan can ba su cika damuwa da shi ba. Likita na zuba ruwan gishiri a reshen da ke kaiwa ga inuwar, ya zuƙo shi, a kai ɗakin gwaji a sa a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun ƙarshen 2010, cikin awa biyu ta faɗi ko akwai ƙwayar tarin fuka. Ga wanda ba ya fitar da kaki, kamar Kawu, wannan ce hanyar samun abin gwadawa daga can ciki. Akwai kuma lafiyar ma'aikatan ɗakin tiyata da sauran majiyyata, waɗanda ba a so a shigo musu da tarin fuka mai rai ba a sani ba.

Sai dai ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kishiyar wannan, domin shi na fi gani. Mutum ya zo da inuwa a huhu, gwajin kaki bai nuna komai ba, a ce a gwada shi da maganin tarin fuka a gani. Maganin kyauta ne, yana kusa, ba sai an yi tafiya ba, kowa ya samu sauƙi. Wata biyu, wata huɗu, wata shida, ana cewa ya ƙara haƙuri. Ranar da aka sake hoto, abin da bai kai goro ba ya zama lemo, kaluluwa ta cika, maganar fiɗa ta wuce. Ba na ɗora wa ma'aikacin ƙaramin asibiti laifi, don a cikin masu irin wannan inuwa da ke zuwa gabansa masu tarin fuka sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma dattijon da ya sha taba shekara 30, ko tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a hayaƙin murhu, in gwaji bai tabbatar da tarin fuka ba, ko an fara magani wata ɗaya zuwa biyu babu sauyi, haƙƙinsa ne a tura shi inda za a ɗebo tsoka. Cutukan biyu ma suna iya zama a huhu ɗaya.

Ita ma tafiyar tana cikin lissafi, kuma masu rubuta ƙa'ida ba su san da ita ba. Daga Garwa sai ka yi yini a mota ka hau tudun Ngawundere, ka kwana a jirgin ƙasa ka wayi gari a Yawunde, inda Asibitin Jamot yake, wanda ya shahara da cutukan ƙirji. Ga kuɗin masauki, ga na mai jinya, ga jiran sakamakon tsoka. In aka yi sakaci, gwajin da ake yi don a kyautata fiɗa shi zai cinye lokacin fiɗar. Likitoci ba sa son dogara da sikanar da ta wuce wata biyu, don haka wanda ya yi jinkiri zai sake biyan wata. Abin da na koya shi ne a tambayi likita tun kafin a sayi tikiti: za a yi leƙen da wankin huhun da sukar kaluluwar a zama ɗaya? Likitan fiɗa na gari ɗaya da mai leƙen? Kwana nawa sakamako ke ɗauka? In ƙarin ƙarami ne, yana gefe, kaluluwa ba ta kumbura ba, kuma an riga an kore tarin fuka, ba aibi ba ne a roƙi a haɗa leƙen da ranar fiɗa.

Ranar da aka yi wa Kawu, an ce ya zo da azumi tun dare. Aka cire masa haƙoran roba aka ba ni a leda. Aka fesa masa maganin kashe zafi a hanci da maƙoshi, ya yamutsa fuska ya ce ya fi maɗaci ɗaci. Aka maƙala masa abin auna iska a yatsa, aka yi masa allurar da ta sa jikinsa ya saki. Ina daga bakin ƙofa ina jin tarinsa lokacin da aka zuba ruwan, da muryar ma'aikaciyar jinya tana cewa, "Sannu Baba, ja numfashi a hankali, an kusa." Bai kai rabin awa ba aka turo shi. Aka ce kada ya ci kada ya sha sai maƙoshinsa ya farfaɗo, kamar awa biyu, don kada ya shaƙe; in ya ga ɗigon jini a kaki ko ɗan zazzaɓi da dare kada ya tsorata, amma in jinin ya yi yawa ko numfashi ya gagara a dawo da shi nan take. An kuma tambaye mu tun farko ko yana shan maganin tsinka jini, don masu shan sa sai an tsara musu yadda za su dakata kwanaki kafin a gutsuri tsoka.

Da yamma likita ya ce hanyoyin iska lafiya lau, bai ga komai ba, kuma ruwan bai nuna tarin fuka ba. Kafin in ankara, ƙanwar Kawu ta buga waya Garwa, gida ya ɗauki guɗa, har an fara maganar sadaka. Washegari da muka koma na faɗa wa likitan, sai ya ajiye biro ya juyo wajen Kawu. Ya ce, "Alhaji, ban ce babu ciwo ba. Na ce bututuna bai kai inda yake ba. Abin da na gani shi ne hanyar da za a yanka tana da kyau, kuma ba tarin fuka ne muka samu ba. Ƙarin yana nan inda sikana ta bar shi." Ya bayyana cewa saura ɗayan biyu: a soka allura ta haƙarƙari a ɗebo, ko a shiga fiɗa a fara yanko ƙarin a duba, in kansa ce a cire kashin gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye, domin ita ma sai an duba ta a madubin likita kafin a san matakin gaskiya.

Kawu ya yi shiru yana shafa gemu. Can ya ce, "Na gane, likita. Da damina in muka iso mayo, wato rafi, ruwa ya hau kan hanya, ba na jefa mota da kaya don na hango ƙetare. Yaron mota nake sa wa ya naɗe wando ya shiga da sanda. In ya dawo ya ce ƙasa na da ƙarfi, ai bai ce an ƙetare ba." Ya juyo gare ni ya ce in kira gida in ce su dakata da guɗar, sannan in nemo masa kunu mai ɗumi, don har yanzu maƙoshinsa na masa kaikayi.